Wa Ya Noma Abin da Muke Rabawa?

 Yau za mu fara daga ƙasar Habasha, sa'an nan mu komo gida.

A Habasha, in baƙo ya zo, ba a gaggawa. Uwargida takan baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta wanke 'ya'yan gahawa, ta soya su a kasko bisa gawayi a gaban kowa, ta zagaya da kaskon domin baƙi su shaƙi ƙanshin. Sai ta daka a turmi, ta dafa cikin wata butar yumɓu mai dogon wuya wadda suke kira jabana. Sau uku ake zubawa, zubi na uku kuwa sunansa baraka, wato albarka. Wanda ya tashi kafin na uku bai kyauta ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar shayi a Sabon Birni ko Isa, ko ya ƙetara Maraɗi, ya san na fari da ɗaci, na uku da zaƙi. Ba a kuma tambayar mutum addininsa kafin a miƙa masa. Haka goro, guda ɗaya a ɓara, mutum biyu su ci.

Amma akwai abin da mai sha ba ya gani. A shekara ta 2001 farashin gahawa ya faɗi warwas a kasuwar duniya, irin faɗuwar da ba a gani ba cikin shekara 30. A shagunan Turai da Amurka gahawa ba ta daina tsada ba, manomin Habasha kuwa ya kasa biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Abin da ya taimaki waɗansu shi ne, tun 1999 manoman Oromiya suka haɗa ƙungiyoyinsu na gama-kai, suka riƙa sayarwa waje da kansu, ba sai ta hannun dillali bayan dillali ba. Masu saye kuma suka fara tambaya: wa ya noma wannan, nawa aka biya shi? A 2007 kamfanin Starbucks ya yarda cewa sunayen Sidamo da Harar da Yirgacafe mallakar Habasha ne.

To, mu ba ma noma gahawa. Muna noma gero da dawa da wake da albasa, tambayar kuwa ɗaya ce. Mun san abin da ƙasar Gobir ta sha. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, dubbai sun gudu jihar Maraɗi. Ƙauyuka da yawa sai da suka biya harajin 'yan bindiga kafin a bar su su yi girbi. Manomin da ya ci bashi ya biya wannan haraji, shi ne yakan kawo buhunsa kasuwa da kaka, ido ja, domin mai bashi na jiransa a gida. Mu kuma masu ɗan albashi sai mu yi masa tayin wulaƙanci, a cika mudu ya yi tozo, a tare da hannu, mu koma gida muna cewa mun iya ciniki. Manzo Yakubu, a sura ta 5 ta wasiƙarsa, ya gargaɗi masu danne hakkin waɗanda suka yi musu girbi, ya nuna cewa ƙarar waɗannan mutane takan kai gaban Ubangiji. Bai ware wanda yake zuwa sujada ran Lahadi ba.

Ga kuma wadda ta fi nauyi. Da Kirsimeti mukan yi karo-karo mu sayi sa, mu yi watanda, a kai wa gwauraye da maƙwabtanmu Musulmi. Al'ada ce mai kyau ƙwarai. Amma in aka kawo mana sa a rabin kuɗinsa, a ƙasar da aka kore wa mutane garke sukutum, muna tambaya? Sau da yawa mukan yi shiru, domin muna tsoron amsar. Kuɗin nan kuwa mun san inda yake komawa.

Ba mu ce abin da sauƙi ba. Aljihu ya yi sanyi, ba kullum ne kuma za a gane asalin dabba ba. Amma dattawan ikkilisiya za su iya saye a hannun makiyayin da aka sani, ko da kason kowa zai ragu. Matan zumunta za su iya haɗa kuɗi su sayi hatsi kai tsaye daga manomi, a mudun gaskiya.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tuna da manoman Isa da Sabon Birni, da waɗanda suke gudun hijira a Maraɗi. Ka komo da su gonakinsu lafiya. Cikin sunan Yesu. Amin.