Ɓargo Gonar Jini: Sankarar Jinin Yara Da Abin Da Ke Wuyanmu

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Sandamu



Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai da na yi dariya, domin duk wanda muka yi aji ɗaya da shi ya san ban taɓa ɗaga hannu ba sai in an nuna ni. To, amma umurnin ƙungiya ba a ƙinsa. Aikina shi ne gwajin jini a asibiti, saboda haka a kan jini zan yi magana. Malaminmu na kimiyya, ga shi nan zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ya fara zana mana ƙashi a allo, ya ce a cikin ɓargo ake yin jini. A lokacin mu dai abin da muka sani game da ɓargo shi ne a tsotse shi ranar da aka yi mana miyar nama. Malam, yau ga ɗalibinka zai biya karatu, in ya yi kuskure a gyara masa.

Ɓargo gona ce. A cikinsa akwai waɗansu ƙwayoyi da za mu iya kira irin jini, domin daga gare su ake samun jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare waɗanda su ne sojojin jiki, da kuma ƙanana masu tsayar da zubar jini. Sankarar jini ita ce idan wata ƙwaya ta lalace ta riƙa hayayyafa ba tsayawa, kamar ƙuduji a gonar gero, har ta danne shuka ta gari. Sai ka ga yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi jin magani, dasashi na zubar da jini, ƙasusuwa na ciwo, kaluluwa ta fito a wuya ko hammata.

Akwai wata irinta da ta fi damun yaran ƙasashenmu. Wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt ne ya bayyana ta a 1958 yana aiki a Yuganda, shi ya sa ake kiranta da sunansa. Takan fito ne da kumburi a muƙamuƙi ko a ciki, haƙora su yi girgiɗi, wani lokaci ido ya turo waje. Bincike ya nuna tana da alaƙa da yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da kuma wata ƙwayar cuta da aka gano a 1964. Tana cikin sankarori mafi saurin girma, amma kuma tana cikin masu saurin jin magani. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tabbatar da haka shi ne Farfesa Victor Ngu, wanda ya yi aikinsa a Ibadan, har aka ba shi babbar lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1972 tare da Burkitt da waɗansu. Ashe ke nan ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan bincike.

Ga yaron da allurai da ƙwayoyi suka gaza warkarwa, masana sun ɓullo da dashen ɓargo. Ana ba shi magani mai ƙarfi a share gonar baki ɗaya, ciyawa da shuka, sa'an nan a ɗebo irin jini daga jikin mai lafiya a ɗura masa ta jijiya kamar ƙarin jini. Irin da kansa yake neman hanya ya shiga ƙashi ya tsiro. Dokta Donnall Thomas na Amurka, wanda ya fara wannan aiki tun shekarun 1950, ya sami lambar Nobel a kansa a 1990. A 1988 kuma likitoci a Faris suka nuna cewa jinin da ke cikin cibiyar jariri, wadda mu muke binnewa a bayan ɗaki, shi ma yana ɗauke da wannan iri.

Aikin ba wasa ba ne. Sai an sami wanda jikinsa ya dace da na yaron, kuma ko a tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. Yaron zai yi makonni a killace ba shi da garkuwa, kuma sabon ɓargon yana iya juyowa ya yaƙi jikin da aka dasa shi. Duk da haka an yi shi a Nijeriya. A 2011 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Binin ya yi dashen farko, a ƙarƙashin Farfesa Nosakhare Bazuaye, ga wani yaro mai sikila, domin dashen yana warkar da sikila kamar yadda yake warkar da sankara. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas shi ma ya fara.

Sabuwar dabara ta fi wannan ban mamaki. Ana ɗebo fararen ƙwayoyin yaron da kansa, a kai su ɗakin bincike a gyara su yadda za su gane ƙwayar sankara, kamar yadda maharbi ke shinshina wa karensa warin abin farauta. Sai a hayayyafa su, a mayar masa. Yarinya ta farko da aka yi wa haka 'yar shekara shida ce, a Filadelfiya ta Amurka, a 2012, bayan duk magunguna sun gaza. Ta yi zazzaɓi mai tsanani har aka fid da rai, amma ta tashi, ta haye shekara goma ba sankara. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin mai suna Kymriah, aka sa masa kuɗi dala 475,000. Na ga waɗansu sun riƙe baki. To, a 2023 Indiya ta amince da nata samfurin da ta ƙera a gida, kuɗinsa bai kai kusa da wancan ba. Abin da ya yi tsada yau yana iya saukowa gobe.

Jama'a, na kai ku Amurka da Indiya, bari in dawo da ku gida, domin ba rashin waɗannan manyan dabaru ke kashe yaranmu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Akasarin waɗancan 80 ɗin ba dashe aka yi musu ba. An gano ciwon ne da wuri, aka ba su magani, suka sha har ƙarshe.

Ina da ɗan ƙanwa, shekararsa bakwai lokacin da kuncinsa ya kumbura. Aka ce hangum ne, aka shafa masa abin shafawa. Da bai sauka ba aka ce haƙori ne, aka saya masa ƙwayoyi a shago. Daga baya aka kai shi wurin wanzami aka yi sakiya. Sai da aka kusa wata uku kafin labari ya iso ni, ni da nake duba jinin 'ya'yan mutane kullum. Muka kai shi babban asibiti, gwaji ya nuna irin ta Burkitt ce. Bayan zagaye biyu na magani kumburin ya sace kamar ba a taɓa yi ba. Mahaifinsa ya riga ya sayar da tumaki biyu, ga kaka ta yi, ga gero a gona, ga kuɗin mota. Ya dubi yaro yana wasa, ya ce mini, "Yaya, ai ya warke, a bar sauran sai an yi girbi." Ni ma ban matsa ba, wannan laifina ne. Da ciwon ya dawo bai ƙara jin magani ba. Allah ya karɓi abinsa kafin damina ta zagayo. Mun san rai na Allah ne, amma an umurce mu da neman magani, kuma rabin magani ba magani ba ne.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku.

Na farko, mu zama masu faɗakarwa. A cikinmu akwai malaman makaranta, da limamai, da ma'aikatan lafiya, da masu unguwanni. Duk yaron da kumburinsa ke ƙaruwa, ko zazzaɓinsa ya wuce mako biyu bai ji magani ba, ko ya ɗashe ana ta ƙara masa jini, a kai shi asibitin Daura, in an tura shi Katsina, ko asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, a tafi ba jinkiri. Mu kuma dage da gidan sauro da maganin rigakafin da ake raba wa yara da damina.

Na biyu, mu buɗe rajistar masu ba da jini. Yaro mai shan maganin sankara yakan bukaci jini a kai a kai, haka ma mai sikila. Kowa ya san rukunin jininsa, sakatare ya rubuta. Namiji mai lafiya zai iya bayarwa duk wata uku ba abin da zai same shi. Yayin da za a yi wannan gwaji, mu haɗa da na sikila ga 'ya'yanmu da suka isa aure.

Na uku, mu ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don kuɗin mota da abinci ga iyayen da ke jinyar irin waɗannan yara. Ba za mu iya biyan dashen ɓargo ba, amma za mu iya kai yaro Kano ranar da likita ya ce a dawo. Da an sami haka, wataƙila da surukina bai jira girbi ba.

Ina kuma fata shugabanni za su shirya mu riƙa zuwa muna yi wa ƙannenmu da ke aji magana a kan darussan kimiyya. Waɗanda suka yi dashe a Binin da Legas su ma a kan benci irin namu suka fara. Ba abin da zai hana wani ɗan Sandamu ya yi shi a Katsina.

Na kawo takarda, na sa sunana a layin farko na masu ba da jini. Tana wurin sakatare, ina roƙon kada kowa ya fita bai duba ta ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, malamai da ɗalibai, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.