Darasin Tsibirai Ga Mutanen Ƙasar Gobir



Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa mutumin Bafarawa ko na Sabon Birni da zancen tsibirai, alhali da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Gulbin Rima ba? To, a yi mana haƙuri kaɗan, mu fara da lissafi.

Faɗin ƙaramar hukumar Isa, wadda Bafarawa ke cikinta, murabba'in kilomita 2,158 ne, na Sabon Birni kuwa 2,354. Idan aka haɗa su an sami 4,512, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanen da ke zaune cikinsu kimanin 350,000 ne. Ke nan waɗannan ƙananan hukumomi biyu sun fi ƙasar Kef Bade faɗi, domin ita 4,033 gare ta. Isa ita kaɗai ta fi Morishus mai 2,040, za ta haɗiye Singafo kusan sau uku, ta haɗiye Nawuru sau ɗari. Duk waɗannan kuwa ƙasashe ne masu tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Bari mu dubi yadda kowacce ta yi da ɗan abin da Allah ya ba ta.

Singafo ta sami mulkin kanta a 1965 da fili bai kai murabba'in kilomita 600 ba. Da cike bakin teku da yashi ta kai shi sama da 700, yau kuwa mutum wajen miliyan 6 ke zaune a kai. Gonakinta ba su wuce kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba, sama da kashi 90 na abincinta daga waje ake sayo shi, har ruwan sha tana jawo wani daga Malesiya. Abin da ya riƙe ta shi ne tsari. Tun 1971 aka zana wa ƙasar taswirar da ta ware inda za a yi gidaje, da inda za a kafa masana'antu, da inda ba mai taɓawa don tara ruwan sama.

Morishus kuwa rake ta gada daga Turawa. Lokacin da ta sami 'yanci a 1968, sama da kashi 90 cikin 100 na abin da take sayarwa waje sukari ne. A 1961 wani masanin tattalin arziki na Ingila, James Meade, ya yi mata hasashen wahala saboda yawan haihuwa da dogaro da shuka ɗaya. Mutanen ba su watsar da rake ba, sai suka zuba ribarsa cikin masaƙu daga 1970, sa'an nan suka buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido. Ga shi yanzu mutum sama da miliyan 1.2 na cin abinci a filin da bai kai na Isa ba.

Kef Bade ita ce ta fi kama da mu, don kuwa iskar Sahel ɗin da ke busar da gonakinmu ita ke busar da nata. Abin da ke nomuwa a ƙasar bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Yunwar 1941 zuwa 1943 da ta 1947 zuwa 1948 sun kashe mutane dubbai barkatai. Bayan 'yancin 1975 suka duƙufa ga dasa itatuwa da jera duwatsu a gangaren tuddai don tare ruwa da ƙasa, kuma irin waccan yunwa ba ta sāke komowa ba.

Saura Nawuru, mai murabba'in kilomita 21. Allah ya hore mata fosfat, watau dutsen da ake yin takin zamani da shi. Aka yi ta haƙa, har a shekarun 1970 mutanenta suka shiga sahun masu kuɗin duniya. Da dutsen ya ja baya, sai ga kusan kashi 80 cikin 100 na tsibirin ya zama ramuka da tsaunukan da ko ciyawar kirki ba sa fitarwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Jama'a, abin da muke so a lura da shi a nan shi ne, mutumin tsibiri ya san inda ƙasarsa ta ƙare, domin teku na nuna masa kullum safiya. Mu kuwa mun tashi da tunanin daji ba ya ƙarewa. Kakanninmu in gona ta gaji sai su bar ta saura, su yi sabon sassabe. Yau ina saurar take? Gandun da uba ya noma shi kaɗai, 'ya'ya goma suka raba, jikoki kuma na jiran nasu. Gona ta ci burtali, ta ci mashaya, makiyayi ya rasa inda zai bi da dabbobinsa. Ba mu ce wannan kaɗai ya haifi ta'addancin 'yan bindiga ba, amma lalle yana cikin itacen da ya hura wutar. Tun daga 2019 dubban mutanen gabashin Sakkwato suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi neman mafaka, suka bar fadamun Rima da Bunsuru da Gagare. Hamada ta arewa, yawan jama'a a ciki, tsoro a bakin daji: ashe mu ma a tsibiri muke, sai dai tekunmu ba na ruwa ba ne.

Dokoki kam muna da su. Akwai dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, akwai dokar amfani da ƙasa ta 1978 wadda ta ɗora amanar filayen karkara a wuyan ƙananan hukumomi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikacin da zai auna, ya rubuta, ya kuma tsaya kan abin da ya rubuta ran da mai kuɗi ya zo da buƙata. Misalin gyara ma ba sai mun je teku ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ta hanyar sassaben zamani, watau barin tohon gawo da sauran itatuwa ya girma cikin gona, sun farfaɗo da kadada wajen miliyan 5 tun daga shekarun 1980.

Saboda haka muna kira gare ku, ku da gobe za ku zama malaman gona da na daji da na safiyo. Duk wanda aka tura wata gunduma, ya fara da sanin kadada nawa ce fadama, nawa ce jigawa, ina burtali ya bi, wa ya toshe shi. Takardar fili da za ku sa wa hannu cikin minti ɗaya, jikokin wani za su rayu da ita ko su yi gudun hijira saboda ita.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.