JINGINAR GIDA DA HAKKIN MAƘWABTA
Jawabin da wani Jami'in Watsa Labarai na Tarayya ya yi wa shugabannin unguwanni a Kafanchan



An aiko ni in yi muku magana a kan abin da mutum bai cika son faɗa a bainar jama'a ba, watau bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba abin kunya na kawo muku ba. Amma akwai wani irin bashi da ya fi sauran nauyi, shi ne wanda magidanci ya ba da takardun gidansa jingina a kansa, har ya zamana idan ya kasa biya za a iya sa gidan a gwanjo a fitar da shi da iyalinsa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, galibin gidajen da ke salwanta ta wannan hanya, shirun mai gida ne ke fara cin su tun kafin banki ya zo. Kuma maganin wannan shiru yana hannun maƙwabta.

Kun fi ni sanin yadda aka gina garin nan. Tun da layin dogo ya iso a shekarar 1927, Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos, jama'a suka yi ta kwararowa suna zama tare da mutanen Fantswam da sauran 'yan ƙasa: Hausawa da Fulani, Ibo da Yarbawa, Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro. Gidajen da suka gina, kaɗan ne ƙwarai aka gina da kuɗin banki. Bulo bayan bulo aka yi su, da kuɗin sallama na ma'aikacin reluwe, da kuɗin citta, da kwasar adashin uwargida, wani gidan ma sai da ya shekara 10 kafin a ɗora masa kwano. To, gidan da aka sha wannan wahala a kansa, sa hannu guda a takarda ya isa ya raba shi da masu shi.

Jingina takan zo ta hanyoyi dabam-dabam. Wadda ta fi sauƙi ita ce ta Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, wanda ya samo asali daga wani kamfanin gine-gine da aka kafa a 1956, aka mai da shi bankin Gwamnatin Tarayya a 1977. Shi ne ke riƙe da Asusun Gidaje na Ƙasa da doka ta kafa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, sa'an nan a ba shi rance da ruwan kashi 6 cikin 100 a shekara, ya biya a hankali har tsawon shekara 30. Mai irin wannan rance bai cika shiga wahala ba sai idan aiki ya ƙare ko albashi ya tsaya. Sai kuma bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna, inda ɗan kasuwa kan kai takardar gida domin ya sami jari. Ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere ne.

Amma wadda ta fi cin mutane a wannan yanki ita ce jinginar bayan fage. Mutum ya matsu, ko kuɗin asibiti ko na makarantar yara, sai ya tafi wurin wani mai kuɗi da dare, ya miƙa takardar fili, a ba shi abin da bai kai rubu'in darajar gidan ba. Sai a kawo masa takarda da Turanci a ce ya sa hannu. Shi a ransa rance ya karɓa, alhali abin da aka rubuta ciniki ne, cewa ya sayar da gida ya karɓi kuɗinsa cif. Aikina fassara ne, kuma ina tabbatar muku Turancin irin waɗannan takardu, wanda ya gama jami'a ma sai ya karanta sau uku kafin ya gane inda aka dosa, balle dattijon da aka tsaya a kansa ana cewa ya yi sauri. Har wa yau akwai gidan gado, wanda ɗaya daga cikin magada kan ɗauki takardunsa ya jinginar ba da sanin 'yan'uwansa ba, sai ranar da aka zo auna gida kowa ya ji labari.

Kada wani ya ɗauka duk wanda ya kasa biya malalaci ne ko mazambaci. A shekarar 2023 cutar da ta faɗa wa citta ta halaka gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, manoma da yawa ko iri ba su mayar ba, alhali da wannan cittar suka yi alkawarin biya. A watan Mayu na wannan shekarar kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi. A 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya ya haura kashi 27 cikin 100, bankuna kuwa da shi suke auna abin da za su ɗora wa masu rance. Mutumin kirki ma, waɗannan abubuwa sun isa su durƙusar da shi.

Yanzu bari in gaya muku abin da doka ta tanada, domin rashin sani shi ke sa mutum ya gudu daga inda ya kamata ya tsaya. Jingina ba ciniki ba ce. Muddin ba a sayar da gidan ba, mai shi yana da ikon fansarsa idan ya kawo abin da ake bin sa. Idan kuma aka kai ga sayarwa, mai bin bashi hakkinsa kaɗai zai ɗauka, watau uwar kuɗi da ruwa da kuɗin ɗawainiyar sayarwa, duk abin da ya yi saura na mai gida ne, kuma yana da ikon neman a nuna masa lissafi. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su tattara kayansu su tafi, ba su ƙara waiwayowa ba.

Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 kuma ta ce ba a jinginar da fili mai takardar shaidar Gwamna sai da yardar Gwamna, wanda ake riƙe da shi bisa al'ada kuwa a nemi yardar Ƙaramar Hukuma. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo saboda rashin wannan yarda. Amma fa kada kowa ya ji haka ya ce ya sami mafaka, gama kotuna sun sha nuna ƙyamarsu ga wanda ya ci kuɗin mutane sa'an nan ya fake da takardar da shi ya kamata ya nemo. Daɗin daɗawa, Jihar Kaduna ta kafa hukumar rajistar filaye ta KADGIS a 2015, ta kuma yi dokar jingina ta musamman a 2017, wadda nufinta shi ne a sauƙaƙa rajista, a kuma rage jan lokaci wajen karɓo hakkin mai ba da rance. Ma'anar wannan a gare ku ita ce, dogara da cewa shari'a za ta yi ta tafiya shekara da shekaru ba dabara ba ce. Tun daga watan Agusta na 2020 kuma, Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashinsu daga kowane asusu da mai bashi yake da shi a wani banki, idan ya sa hannu a kan haka lokacin karɓar rance. Canza banki ba ya ɓoye kowa.

To, me mutum zai yi? Ranar da ka ga wata zai ƙare ba ka da na biya, ranar ya kamata ka tafi, ba ranar da sammaci ya zo ba. Wasiƙar banki a buɗe ta a karanta, kada a tura ta ƙarƙashin katifa. Ka nemi cikakken lissafin bashinka a rubuce. Ka je da abin da za ka iya biya a gaskiya, ka roƙi a tsawaita wa'adi, ko a ɗaga maka 'yan watanni, ko a yafe tarar jinkiri. Banki ba dillalin gidaje ba ne, kuɗinsa yake so, kuma gwanjo yana cin lokaci da kuɗin lauya, saboda haka sau da yawa yakan saurari wanda ya zo da ƙafarsa. Duk abin da aka shirya a rubuta shi, duk abin da aka biya a karɓi rasit. Idan mai gida ne ya rasu, magada su bincika ko rancen yana da inshora kafin su fara sayar da kadara. In kuwa abin ya fi ƙarfin gyara, gara mutum ya nemi izini ya sayar da kansa a farashin kasuwa, ya biya bashi, ya riƙe saura ya nemi ƙaramin wuri, da a yi masa gwanjo.

Wannan shawara tana da sauƙin faɗa a zaure irin wannan. Wanda bashi ya hana barci kuwa ba ya iya tunani shi kaɗai, kunya ta rufe masa baki, tsoron ofis ya ɗaure masa ƙafa. A nan ne aikin unguwa ya shigo.

Ga misali daga Amurka. A birnin Pittsburgh, a shekarar 1968, wata matar aure baƙar fata mai suna Dorothy Richardson ta ga unguwarsu tana lalacewa, bankuna sun ƙi ba mazauna rancen gyaran gida. Ta tara maƙwabtanta, suka zaunar da ma'aikatan banki da hukumar gari wuri ɗaya, suka kafa ƙungiyar da ba ta neman riba. Abin ya yi kyau har Majalisar Dokokin Amurka ta kafa hukuma a 1978 domin yaɗa shi ko'ina a ƙasar. Da rikicin jinginar gidaje ya auka musu, sai a ƙarshen 2007 aka danƙa wa wannan hukuma shirin ba da shawara kyauta, kuma masu gida fiye da miliyan 2 suka amfana. Ku lura, masu ba da shawarar nan ba su biya wa kowa bashi ba. Zama suka yi da mutum, suka duba takardunsa, suka yi masa lissafi, suka shiga tsakaninsa da banki.

Mu ba sai mun aro wannan hali daga ƙetare ba. Muna da gayya, muna da adashi, muna da ƙungiyoyin tsimi da tanadi na malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, da zumuntar mata a coci, da kwamitocin masallatai. A Bayan Loko ma, Gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996 ta nuna cewa ƙungiyar sa-kai ta 'yan gida tana iya ba matan karkara ƙananan rance bisa amana. Abin da ya rage shi ne a juya wannan ƙwarewa wajen tsare gidaje.

Shawarata ita ce kowace unguwa ta zaɓi mutum 5 ko 7 masu riƙon asiri. A sa tsohon ma'aikacin banki ko akawu da ya yi ritaya, gama Kafanchan ba ta rasa su ba, da malamin makaranta mai iya fassara, da mace aƙalla ɗaya, domin sau da yawa uwargida ce ke fara ganin alamar matsala, ita ce kuma ta ƙarshe da ake gaya wa gaskiya. A sa Musulmi, a sa Kirista. Kada su karɓi ko kwabo, kada su riƙe kuɗin kowa, kuma a haramta wa ɗan kwamiti ko ɗan'uwansa sayen gidan wanda ya kawo kuka. Wannan sharaɗi na ƙarshe, a ganina, shi ne ran abin duka. Ranar da aka ji ɗan kwamiti ya saye gidan mai bashi, daga ranar ba wanda zai ƙara buɗe baki. Aikinsu na farko ma ba ceto ba ne, rigakafi ne: kada kowa a unguwa ya sa hannu a takardar jingina sai an karanta masa ita da harshen da yake ji, a gaban shaidu da matarsa ko magadansa.

Wani zai ce, ina ruwana da bashin wani? Ku da kuka ga abin da ya faru a 1987 da 2011 kun san yadda tashin hankali ya sa mutane ƙaura daga unguwannin da aka haife su, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Unguwannin da har yanzu ake zaune a cakuɗe, tsofaffin masu gida ne ke riƙe da su, waɗanda suka san kakan kowa, waɗanda idan jita-jita ta taso za su iya fitowa su ce ƙarya ne. Duk lokacin da bashi ya fitar da irin wannan magidanci, unguwa ta yi asarar mai shiga tsakani. Ga kuma hatsarin gwanjon kansa: idan mai gida na wannan addini ne, mai saye na wancan, maganar da ta fara a kan kuɗi tana iya komawa wani abu dabam a bakin masu neman fitina. Kwamitin da ya san gaskiyar lissafi tun farko shi zai iya kashe wannan wuta.

Wajibi ne kuma kwamiti ya san iyakarsa. Ba kotu ba ne, ba ya hana ma'aikacin kotu aikinsa, ba ya koya wa kowa cin bashi da taurin kai, gama addinan nan biyu duka sun yi umurni da biyan bashi kamar yadda suka yi umurni da sassauta wa wanda ya matsu. Idan magana ta kai ga shari'a, a nemi lauya. Wanda ba shi da hali ya tafi Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976 domin marasa ƙarfi, tana da ofis a Kaduna. Wanda yake ganin banki ya ɗora masa kuɗin da ba su cikin yarjejeniya, ya fara rubuta wa bankin, ya riƙe kwafi, idan wa'adi ya wuce ba a share masa hawaye ba ya kai ƙara Sashen Kare Hakkin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin Nijeriya, ba a biyan kome. Wanda kuma yake shakkar ko an jinginar da gidan gadonsu a ɓoye, ya je KADGIS ya nemi a bincika masa rajista.

Masu unguwanni, ina roƙonku kafin wata mai zuwa ya ƙare kowa ya kira taron unguwarsa, a karanta wannan takarda da Hausa da kuma harshen da jama'arku suka fi ji, a zaɓi mutanen, a sanar da hakimi sunayensu. Yanzu kuma wanda yake da tambaya sai ya ɗaga hannu.