Garaɓasar Banki da Katin Cire Kuɗi: A Auna Kafin a Amsa



An ɗora mini nauyin yin tsokaci a kan wani saƙo da ke yawan shigowa wayoyinmu, mu mazauna birane. Banki zai ce ka ɗaga matsayin asusunka, ka yi sayayya da katin cire kuɗi har ta kai wani adadi cikin wa'adi, shi kuma ya ba ka garaɓasa. Shin wannan riba ce, ko kuwa tarko ne?

Ya kamata mu fara bambanta abubuwa biyu da akan haɗa mana a saƙo guda. Na farko shi ne ɗaga matsayin asusu. A shekarar 2013 Babban Bankin Najeriya ya kasa asusu mataki uku. Mataki na ɗaya yana da sauƙin buɗewa, amma an ƙayyade kuɗin da zai iya ɗauka. Mataki na uku kuwa ba a sa masa wannan iyaka ba. A watan Disamba na 2023 an wajabta lambar BVN ko ta NIN ga mataki na ɗaya, aka wajabta duka biyun ga sauran. Ɗan kasuwar da kuɗi ke shigar masa da yawa yana bukatar wannan ɗagawa, ko da garaɓasa ko babu. Na biyu shi ne sharaɗin kashe kuɗi, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk lokacin da ka biya kuɗin kaya da kati, akan cire wani ɗan kaso daga mai shagon, bankin da ya ba ka katin kuma yana da rabo a ciki. Tun da aka fara tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, bankuna suke tseren sabar wa jama'a da kati. Garaɓasa kuɗin talla ce, ba su kuma ɓoye haka ba.

Bari mu buga misali. A ce an yi maka alkawarin naira 10,000 idan ka kashe naira 300,000 da kati cikin wata 3. Idan abin da ka saba biya da kati na cefane, man mota da magani naira 100,000 ne a wata, to ka cika sharaɗi ba tare da ka sauya komai ba, tsuntsu daga sama gasasshe. Amma idan naira 60,000 ka saba kashewa, jimillarka naira 180,000 ce, saura 120,000. Wanda ya sayi abin da ba ya bukata don cike wannan giɓi ya ba da goma sha biyu ya karɓi ɗaya. Sau da yawa kuma kuɗin makarantar yara ne, ko aiken da iyaye ke jira a gida, ake taɓawa. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Bayan wannan akwai caje-caje. Jadawalin da Babban Banki ya fara aiki da shi a Janairun 2020 ya yarje wa bankuna su karɓi har naira 1 a kan kowace naira 1,000 da ta fita daga asusun karant, cajin da babu shi a asusun ajiya. Saboda haka a tambayi cajin da ake yi a yau, a kuma tambaya ko sabon asusun yana bukatar a bar wasu kuɗi a kwance. Garaɓasa sau ɗaya ake biya, caji kuwa yana nan muddin asusun yana aiki.

'Yan uwa, kafin ku amsa, ku nemi sharuɗɗan a rubuce. Shin cire kuɗi a na'urar ATM ko wurin mai POS yana shiga lissafi, ko sayayya kaɗai ake ƙirgawa? Shin kowa ne zai samu, ko ƙuri'a za a jefa? Yaushe za a biya? Wanda yake da shakka ta fuskar shari'a ya kai takardar ga malaminsa. Sannan ku je reshen banki da ƙafarku ko ku shiga manhajarsa, domin 'yan damfara ma da sunan ɗaga asusu suke kira. Banki ba ya tambayar lambar sirrin kati a waya.

Ma'auni dai guda ne: idan da ma za ka kashe kuɗin, karɓi garaɓasarka, idan kuwa ita za ta sa ka kashe, bar musu abinsu.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.