Malanta ko Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Jawabi ga Iyaye da Matasa



Kowace shekara idan lokacin cike fom na JAMB ya zo, akwai gardamar da takan iso ofishinmu daga ƙauyuka. Yaro ya gama sakandare yana so ya karanta ilimin halayyar ɗan adam, wato saikoloji. Uba kuwa ya ce malanta zai yi, in ba haka ba ya nemi mai biya masa. Muna so mu baje maganar a faifai, gama kuɗin da za a kashe na masara ne da awaki, ba tsintarsu aka yi ba.

Malanta tana da ƙofa biyu. Yaro zai iya shiga kwalejin ilimi, kamar ta Gindiri, ko Gidan Waya, ko Hong, ko Zing, ya yi shekara 3 ya sami NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar da ake koyarwa da ita a Nijeriya. Ko kuwa ya tafi jami'a ya yi digiri na shekara 4. Mai NCE kuma yakan shiga jami'a daga aji biyu. Bayan haka sai rajista da TRCN, hukumar malamai da aka kafa a 1993. Albashin ba yawa, a wasu jihohi yakan makara, wannan kowa ya sani. Amma babu gundumar da ba ta da makaranta, malami kuwa yana iya koyarwa da safe ya shiga gonarsa da yamma. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko da yake ba kowace jiha ce ta bi nan da nan ba.

Sai dai muna da ƙorafi a kan wasu iyaye. Sun mai da malanta wurin ajiye yaron da bai ci makin shiga wani fanni ba. Wanda aka tura aji ba da son ransa ba, 'ya'yanmu ne za su sha wahalarsa shekara da shekaru.

To, saikoloji fa? Kada kowa ya ce ba a bukatarsa. Tun rikicin Jos na 2001, da ta'asar Boko Haram daga 2009, da hare-haren dare a ƙauyukanmu, mun ga mata da ba sa barci, da yara da ke shiga ƙarƙashin benci in ƙofa ta buga, da samari da suka faɗa shan ƙwaya. Mukan kai musu hatsi da barguna, fasto ya yi addu'a, duk da haka akwai ciwon da ke bukatar wanda ya koyi aikin. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Amma ga abin da yawancin yaranmu ba su sani ba. Digiri na farko a saikoloji, a Jami'ar Jos ne ko a Nsukka, ba ya mai da mutum likita. Likitan taɓin hankali karatun likita yake yi tukuna. Mai saikoloji da yake so ya zauna da marasa lafiya a asibiti irin na Barnawa a Kaduna, ko na Maiduguri, sai ya ƙara digiri na biyu da horo a asibiti. Ku lissafa: shekara 4, bautar ƙasa shekara 1, sannan kamar shekara 2 kuma, ban da yajin aiki. Guraben aikin ma a birane suke, da ƙungiyoyin agaji, waɗanda aikinsu na kwangila ne, in kuɗin shiri ya ƙare aiki ya ƙare.

Shawararmu ga gidan da ƙarfinsa kaɗan ne, kuma akwai ƙanne a baya, ita ce a duba hanya ta uku. A tsangayar ilimi ta jami'o'i da yawa akwai digiri na jagoranci da ba da shawara. Wanda ya yi shi malami ne mai takarda, an kuma koya masa sauraron yaro mai damuwa. Ba zai yi aikin asibiti ba, amma makarantun sakandarenmu suna kukan rashin irinsa. Manzo Bulus ma, a Romawa sura 12, ya jera koyarwa da ƙarfafa zuciya kusa da juna cikin baye-baye.

Yarinyar da ta tsaya kai da fata a kan saikoloji, tana da ƙoƙari, ta kuma ji lissafin shekarun nan ba ta ja da baya ba, kada a karya mata gwiwa. Ikkilisiyoyi biyu ko uku za su iya haɗa baiko su ɗauki nauyinta. Akwai kuma bashin karatu na NELFUND tun 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. A tuna dai bashi ne, za a biya.

Kafin a cike fom, a ba yaro ajin makarantar Lahadi na wata uku, ya kuma riƙa bin dattawa gaisuwar marasa lafiya da gidajen makoki. Sa'an nan uba da uwa da yaron su zo ofishinmu tare, da sakamakon WAEC ko NECO a hannu, mu duba ko akwai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi.