Ƙarfi ko Sauri: Da Wane Mudu Ake Auna Ɗan Dambe?

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu ya yi a zaman hira na daren bikin zagayowar shekarar ƙungiya a Sabha. Mun kawo shi yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.

Dattawa, alhazai, 'yan'uwa na Nijar da na Najeriya, da baƙinmu da suka taso daga Gatrun da Murzuk da Ubari, sannunku da zuwa.

Da rana an yi maganar asusu, an yi ta hanya da ta duwan, kowa ya gaji da lissafi. Shi ya sa da Shugaba ya ce in yi magana da dare, na roƙe shi ya bar ni in ɗauko gardamar nan da ta ƙi ƙarewa tsakaninmu tun daren 1 ga Yunin 2024. Waɗanda suke wurin mai shayi a Gurda a daren sun san abin da nake nufi. Mun taru da maƙwabtanmu 'yan Libiya muna kallon ɗan ƙasarsu, Malik Zinad, ya shiga fage a Riyad da Dmitry Bivol, ana neman kambun duniya na ajin da ba a wuce kilo 79 da ɗoriya. Ku tuna an hana damben boksin a ƙasar nan tun 1979, sai bayan 2011 ya dawo, don haka ganin ɗan Libiya a irin wannan fage ba ƙaramin abu ba ne. Zinad ya zo da nasara 22, ba a taɓa doke shi ba. Kafin a fara, wani ƙanena da ke zaune can baya yanzu ya ce Bivol ba shi da hannu, rabonsa da ya gama da wani kafin cikar lokaci tun 2018. Ba a gama turmin farko ba Bivol ya kai Zinad ƙasa, a turmi na 6 kuma alƙalin wasa ya tsayar da damben. Tun ranar muke musu: ƙarfi ne ya yi aikin ko sauri?

Ina da haƙƙin sa baki, don na biya kuɗin makaranta. Ni ɗan mahauta ne daga Maraɗi, kuma kun san dambe gadon Rundawa ne. Ina saurayi na sa zare. Jiki gare ni a lokacin, ni kaɗai nake ɗaga cinyar sa in ɗora a kafaɗa, makaɗa suna zuga ni ina ganin ba wanda zai tsaya gabana. Wata shekara da kaka muka je wasa wani ƙauye, aka fito mini da wani siririn yaro bahago, har na ji kunyar shiga da shi. Turmin farko na yi ta kai masa irin bugun da zai karya ƙofa, ina dukan iska. A turmi na biyu na ja hannu baya in kawo babban, abin da na sani ke nan. Na farka ana zuba mini ruwa, kalangu yana tashi da taken wani. Har yau kunnena na dama ba ya ji sosai. In kun ga ana ciniki ina juya muku kunnen hagu, ba wulaƙanci ba ne, aikin bahagon nan ne.

Shekaru na yi ina tambayar kaina yadda aka yi wanda na fi nauyi da kusan rabin buhu ya kashe ni da bugu ɗaya. Amsar farko ɗana da ya yi karatun kimiyya ne ya ba ni, kuma direbobinmu za su gane ta nan take. Ya ce ɓarnar da abu mai tafiya yake yi tana bin nauyinsa sau ɗaya, amma tana bin gudunsa sau biyu. In ka ninka nauyi, ɓarna ta ninka biyu. In ka ninka gudu, ta ninka huɗu. Duk wanda ya taɓa ganin abin da Hilux mai gudu ta yi wa kanta a hanyar Dirku zuwa Tumo ya san ba sai babbar mota ce ke ragargajewa ba. To haka hannu yake. Sauri wani ɓangare ne na ƙarfin kansa. Sai dai ya ƙara da cewa nauyin da ake lissafawa ba na hannu kaɗai ba ne. Nauyin da mutum ya iya turawa bayan hannun ne, daga dugadugi zuwa ƙugu zuwa kafaɗa. Mai saurin hannu da bai kafa ƙafa ba mari yake yi. Ni kuma mai nauyin da nake jan hannu baya kamar zan jefa guga rijiya, shela nake yi wa abokin karawata cewa ga ni nan tafe.

Amsa ta biyu ita ce wadda duk tsohon ɗan dambe ya sani a jikinsa: bugun da ba ka gani ba shi ke kisa. In ka hango hannu yana zuwa, wuyanka yana ƙanƙamewa, ka dunƙule haɓa, ka bi bugun ka rage masa kaifi. In ba ka gan shi ba, kai yana juyawa farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta girgiza cikin ƙoƙon kai, ƙafafu su saki. Shi ya sa bugun haɓa da na gefen muƙamuƙi suka fi na goshi haɗari. Bahagon nan bai fi ni ƙarfi ba. Ya riga ni ne, kuma ta gefen da ban saba tsarewa ba.

To tunda mu mutanen awo ne, ga mudu huɗu da nake auna ɗan dambe da su. Na ɗaya, nauyin bugunsa in ya sauka. Na biyu, saurin hannunsa wajen fita da komawa gida. Na uku, ido da ƙafa, wato sanin lokacin da ƙofa ta buɗe da kuma kasancewa a wurin. Na huɗu, abin da ya rage masa daga ukun nan in wasa ya yi nisa. Mu gwada su a kan mutanen da kowa ya sani.

George Foreman, ranar 30 ga Oktoban 1974 a Kinshasa, yana da shekara 25, ya yi dambe 40 ya cinye duka, 37 daga ciki bai bari an kai ƙarshe ba. A mudu na farko babu kamarsa a zamaninsa. Muhammad Ali yana da shekara 32, saurin ƙafarsa ya ragu daga yadda aka san shi, amma hannu da ido suna nan. Ya jingina da igiya ya rufe fuska, ya bar Foreman yana ta sauke kaya a damtse da haƙarƙari, shi kuma yana tsikarinsa da miƙaƙƙun bugu a fuska. A turmi na 8 Foreman ya zama buhun da aka zazzage, Ali ya haɗa masa 'yan bugu masu sauri ya kai shi ƙasa. Mudu na huɗu ne ya ci Foreman.

Kada masu goyon bayan sauri su yi saurin tafi. Bayan shekara 20, ranar 5 ga Nuwamban 1994 a Las Vegas, Foreman ɗin nan yana da shekara 45 ya kara da Michael Moorer mai shekara 26. Turmi tara Moorer yana gaba da maki, yana shiga yana fita. A na 10 ya tsaya gaban tsohon na ɗan lokaci, Foreman ya sauke masa dama guda a haɓa, aka ƙirga goma bai tashi ba. Shi kuwa Ali, da ya shiga da Larry Holmes a Oktoban 1980 yana da shekara 38, ido yana ganin ƙofa amma hannu ya ƙi zuwa, har mutanensa suka tsayar da wasan bayan turmi na 10. Abin da nake ɗauka a nan shi ne sauri ke fara barin mutum, ƙarfi ke ƙarshen tafiya. Don haka in za ku gwada 'yan dambe biyu, ku fara tambaya: yana da shekara nawa a lokacin?

Wanda ya haɗa mudu na ɗaya da na biyu fiye da duk wanda na gani shi ne Mike Tyson yana yaro. Gajere ne a ajin masu nauyi, amma yana sunkuyawa ya shige ƙarƙashin hannun dogo, ya taso da bugu daga ƙafa. A Nuwamban 1986, yana da shekara 20, ya doke Trevor Berbick a turmi na 2 ya zama zakara. A 1988 daƙiƙa 91 ya yi da Michael Spinks. Amma gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. A Tokyo a Fabrairun 1990 Buster Douglas ya tsare shi daga nesa da dogon hannun hagu, ya ja shi zuwa ruwa mai zurfi, ya gama da shi a turmi na 10.

Samarinmu 'yan Najeriya ba sa son a tuna musu Anthony Joshua da Oleksandr Usyk, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A Landan a Satumban 2021 Joshua ya fi Usyk nauyi da kusan kilo 9, ya fi shi tsawo, ya fi shi bugu. Usyk bahago ne, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, kullum yana gefen da Joshua sai ya juya kafin ya same shi. Ya ci da maki, aka sake a Jidda a Agustan 2022 ya sake ci. Da na ga wasan nan sai kunnena na dama ya motsa.

Mu komo kan Bivol da muka fara da shi. Asalin wanda zai kara da shi a daren nan na Yuni shi ne Artur Beterbiev, rauni a gwiwa ya hana shi, aka kira Zinad. Beterbiev ya yi dambe 20, ya cinye 20, babu ko ɗaya da ya kai ƙarshen lokaci. Da suka haɗu ranar 12 ga Oktoban 2024 a Riyad, sai ka ce an shirya wasan ne don a raba mana gardama: ga mai guduma, ga mai saurin hannu da ƙafa. Aka yi turmi 12, alƙali ɗaya ya ce kunnen doki, biyu suka ba Beterbiev. Ranar 22 ga Fabrairun 2025 aka sake, alƙali ɗaya ya ce kunnen doki, biyu suka ba Bivol. Turmi 24, babu wanda ya faɗi. Wanda bai kawar da ido ba ya ga dalili. Beterbiev yana da ƙafar da ke datse wa mutum hanya, in ba haka ba gudumar ba ta isa. Bivol kuma bugunsa yana da nauyin da zai sa a ji tsoron afka masa, in ba haka ba da an bi ta kansa. Kowannensu yana da rabo daga kayan ɗan'uwansa. To ƙanena na can baya, amsarka ke nan: abin da ya kai Zinad ƙasa ƙarfi ne matsakaici da ya iso kafin a gan shi.

Sai dai ku lura, fage ma yana sauya awo. Damben boksin hannu biyu ne cikin safa, turmi 12 na minti uku-uku, ana haɗa mutane bisa nauyi, kuma ana iya ci da maki ko ba a kayar da kowa ba. Damben gargajiya hannu ɗaya ne a naɗe da zare, ɗayan garkuwa ne a miƙe, turmi uku ne, kuma da hannunka ko gwiwarka sun taɓa ƙasa an kashe ka. Mai tara maki ba shi da kasuwa sosai a nan. Harsashi ɗaya gare ka, in ka harba ka kuskure, kafin ka dawo da hannu gida kana buɗe. Shi ya sa za ku ga manyan 'yan dambe, ko na Kudu ne ko Jamus ko Guramada, suna daɗewa suna auna juna, 'yan kallo suna ihu a buga, su kuwa kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara motsi. Wanda ya taɓa shiga gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei ko filin Ado Bayero a Sabon Garin Kano ya ga haka. A wajenmu mudu na uku shi ne sarki. Ko Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da har yau ake gardamarsa da Ɗandunawa, ƙarfi kawai ba zai ajiye sunansa tsawon wannan lokaci ba, don majiya ƙarfi sun cika kowace mahauta.

Ina da dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana a gaban iyaye. Na ga wasu yaranmu nan Sabha sun rataye buhun yashi a bayan shago, suna dukansa da yamma har hannu ya kumbura, suna gwada wa juna wanda ya fi sa shi lilo. Buhu ba ya ramawa. 'Ya'yana, in kuna son abin da gaske, ku nemi mai koyarwa, ku koyi tsayuwa da tsaron haɓa da mayar da hannu kafin ku koyi kisa, kuma kada ku riƙa gwada bugun kai a junanku ba kariya. Wanda ya suma a wasa ya huta, ya ga likita, kada zuga ta mayar da shi fage washegari kamar yadda ta mayar da ni. Hanyar a buɗe take. Lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a dambe ne, Nojim Maiyegun ya ciyo tagulla a Tokyo a 1964. Ta farko da Nijar ta samu ma a dambe ne, Issaka Dabore ya ciyo tagulla a Munich a 1972.

Shugaba, na ga an sauke shayi na biyu, kuma na san ƙanena yana da raddi. Ya matso ta hagu don in ji shi da kyau. Allah ya maimaita mana, ya kai matafiyanmu gida lafiya.