Rangwamen Haraji Ga Cibiyoyin Adana Bayanai: Wane Sharaɗi Ake Gindayawa?

Jawabin da kwamitin tattalin arziki ya gabatar a taron ƙungiya na shekara

 



An ɗora wa kwamitinmu nauyin ya yi bayani a kan sassaucin da gwamnatoci kan yi wa kamfanonin da ke gina cibiyoyin adana bayanai, da kuma sharuɗɗan da ake gindaya masu kafin su samu. Mun san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da har yau muke karo-karon kuɗin rijiyar burtsatse. Ruwanmu shi ne, duk mai son kafa irin wannan cibiya fili yake fara nema, sannan wuta, sannan ruwa, kuma filin a hannun manomi yake.

Cibiyar adana bayanai rumbu ce, sai dai maimakon dawa da gero, dubban kwamfutoci ne jere a cikinta, ba sa hutawa dare da rana. Kuɗin da ɗanka ya turo maka ta waya, da rajistar jarrabawar 'yarka, duk a irin wannan rumbu suke kwana. A Nijeriya mafi yawansu a Legas suke, domin can ne wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suke fitowa tudu. A shekarar 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya sayi MainOne, mai cibiya a Lekki, a kan dala miliyan 320. A Arewa kuwa, Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya ya gina ɗaya a Kano. Ke nan abin ya fara matsowa kusa da mu.

Domin mu ga yadda ake cinikin, bari mu leƙa jihar Bajiniya ta Amurka, inda waɗannan cibiyoyi suka taru fiye da ko'ina a duniya, musamman a gundumar Loudoun. Jihar ta yafe masu harajin saye a kan kwamfutoci da sauran na'urorinsu, amma ba kyauta ba. Yadda dokar take a shekarar 2024, sai kamfani ya zuba aƙalla dala miliyan 150, ya ɗauki sababbin ma'aikata 50, ya kuma biya su albashin da ya kai ninki ɗaya da rabi na matsakaicin albashin yankin. Idan a yankin da talauci da rashin aiki suka yi katutu zai gina, sai a rage masa zuwa dala miliyan 70 da ma'aikata 10. Sannan sai ya sa hannu a yarjejeniya da hukumar bunƙasa tattalin arzikin jihar, cewa idan wa'adi ya cika bai cika alkawari ba, zai mayar da harajin da aka yafe masa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne muka fi so a riƙe.

To, jama'a, a lura da lissafin. Dala miliyan 150 a kan mutum 50, wato kowane gurbin aiki ɗaya dala miliyan 3 ke nan. Hukumar bincike ta majalisar dokokin jihar ta fitar da rahoto a watan Disamba na 2024, inda ta nuna cewa cibiya mai faɗin ƙafa 250,000 murabba'i takan ɗauki ma'aikata har 1,500 a lokacin da gini ya kai tsakiyarsa, amma da an gama sai kimanin 50 su rage, kusan rabinsu ma 'yan kwangila ne. A shekarar kuɗi ta 2023 kaɗai, harajin da aka yafe ya kai dala miliyan 928. Duk wanda ya taɓa ganin masaƙar Kaduna a lokacin tashin ma'aikata, kekuna sun cika titin Kakuri, kada ya ɗauka irin wannan ce za ta zo masa. Wannan gini ne mai tsananin tsada, mai doguwar katanga, mai 'yan mutane kaɗan a ciki.

Ba muna cewa ba ta da amfani ba ne. Gundumar Loudoun tana samun kaso mai tsoka na kuɗin shigarta daga harajin kadara da take karɓa a kan gine-ginen da na'urorin da ke cikinsu, kuma da shi take tafiyar da makarantu. Amma tsarinmu daban ne. A nan harajin ribar kamfani gwamnatin tarayya ke karɓa, harajin albashi na jiha ne, abin da ke shiga aljihun ƙaramar hukuma kai tsaye bai wuce kuɗin gini da 'yan ƙananan kuɗaɗe ba.

Sai batun wuta. A ƙasar Ayalan, alƙaluman gwamnati sun nuna waɗannan cibiyoyi sun sha kashi 21 cikin 100 na lantarkin ƙasar a 2023. Singafo kuwa dakatar da ba da izinin sababbi ta yi a 2019, da ta sake buɗe ƙofa a 2022 sai ta ce idan kwamfutocinka sun sha awo 100 na wuta, kada ginin gaba ɗaya, har da na'urorin sanyaya shi, ya wuce awo 130. Ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ke nan. Balle mu, da zafin bazara da taransifoma ɗaya tal.

A gida Nijeriya, tsohon tsari tun daga dokar 1971 shi ne a yafe wa kamfanin da ya buɗe sabon fanni harajin riba na shekara 3, a iya ƙara masa 2. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka sa 1 ga Janairun 2026 ranar fara aikinta, ta sauya wannan. Kamfanin da ke cikin fannonin da aka ba fifiko, ya kuma kai adadin jarin da aka yanka wa fanninsa, za a rage masa haraji da kashi 5 cikin 100 na kuɗin da ya kashe a kan gini da kayan aiki, duk shekara har shekara 5. Mun yaba da wannan sauyi, domin sai ka kashe sannan a rage maka. Amma ma'aunin jari ne. Jihohi ma suna da nasu tayin. Kaduna, alal misali, ta soke kuɗin haƙa titi domin shimfiɗa wayar intanet a 2020.

Ranka ya daɗe, inda abin ya fi shafarmu shi ne dokar mallakar ƙasa ta 1978. Ta ɗanƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma yana da ikon karɓe fili domin amfanin jama'a. Diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan filin ce, shuka da itatuwa da gini. Manomi zai karɓi kuɗin mangwaro da amfanin damina ɗaya, gonar kakanninsa kuwa ta tafi.

Saboda haka kwamitinmu yana ba da shawara, duk ranar da mai jari ya zo neman fili, ko na irin wannan cibiya ko na wata masana'anta, kada mu tsaya a kan tafi da yanka zare. A rubuta mana ma'aikatan dindindin nawa za a ɗauka bayan gini, kuma nawa ne daga cikin 'ya'yanmu, wa zai horar da su gyaran lantarki da na'urorin sanyi. A faɗa mana daga ina zai samo wutarsa da ruwansa, kada rijiyoyinmu su ƙafe. Idan kuma shekara 3 ta wuce bai aza tubali ba, filin ya koma hannun masu shi. Muna roƙon lauyoyi da injiniyoyin da ke cikinmu su tsara daftarin wannan yarjejeniya, su miƙa wa majalisar Hakimi kafin taron baɗi.